Rariya Uku

A Firislan, can arewacin Holan,
teku ya fi gona tudu.
Shanun Auke Bouma suna kiwo
inda da kifi ne zai yi iyo.
Tsakaninsu da ruwan gishiri ganuwa ce ta yumɓu,
tumaki a gadon bayanta,
yashi a ƙarƙashin cikinta.

Yashin nan ne ya hana 'yarsa barci.

Wietske ta zaro shi da bututun ƙarfe,
ta sa ƙwaya goma a bayan gilashi.
Wannan ta jingina da waccan,
waccan ta juya baya kamar mai fushi,
tsakaninsu lungu, lungu ya haifi lungu.
Ba wanda ya jera su.
Wani kogi ne ya zubar, ya yi gaba,
tun ba a raɗa wa garin suna ba.

Ganuwar kilomita sha ɗaya ce.
Wa zai ƙirga ƙwayar da ke ƙasa?
Sai ta ce wa na'ura: jefa ƙuri'a.
Ƙaga mini yashin da ban gani ba,
gina ganuwa a kai, turo mata teku,
rushe, sake jefawa.

Rariyar farko manyan ido gare ta,
gona guda a wurinta ɗigo ne.
Sau dubu ɗari take tankaɗe
kafin shayi ya huce.
Arha ce, kuma tana ƙarya, amma ƙaryarta da tsari.

Ta biyu tana ganin faɗin ɗaki.
Sau dubu, daga safe zuwa la'asar.

Ta uku kuwa, mai idon allura,
tana bin ruwa lungu-lungu,
kowane zagaye sai ya cinye dare.
Sha biyu kawai aka ba ta dama.
Ba ta tambayar ta ukun amsa.
Cewa take: da nawa yayarki ta kuskure?
Ta ɗauki gyaran ta ɗora a kan gyara,
kamar mai awo da ke cika mudu da tafi.

Ran Lahadi, a kan teburin dankali,
uban ya ce: za ta riƙe ko ba za ta riƙe ba?
Ta ce: a shekara, sau ɗaya cikin dubu uku
ruwa zai samu hanya.
Ya ajiye cokali.
Wace shekarar?
Ta ce: Baba, wannan ba ya cikin lissafi.
Ya ce: shanuna kuwa suna ciki.

Ya sa takalmin roba, ta bi shi.
Iska na tura su, tsuntsayen teku na gardama.
Bayan famfon tsotse ruwa, gefen lambatu,
ya durƙusa ya buɗe ciyawa.
Ga ɗan tsibin yashi, bai kai tafin hannu ba,
yana tafasa a hankali, ba wuta.
Duk sa'ad da teku ya cika, in ji shi,
nan yake numfashi.
Kakanki ne ya nuna mini.

A taswirarta ja yana can gaba,
taku ɗari biyu, wajen shinge.
Nan kore ne shar.

Ba ta ce komai ba.
Ta tsoma yatsa, sanyi ya kama ƙashi,
ƙwayoyi suna wucewa ɗaya-ɗaya,
kowace da nata ra'ayi.
Ta rubuta wurin a bayan hannunta da biro.

Daren nan ta gaya wa na'ura abu guda da ta tabbata,
ta bar sauran ga ƙuri'a.
Jan ya soma rarrafowa yamma.
Dubu uku ta koma dubu da ɗari takwas.
A waje saniya ta yi tari,
teku yana janyewa, zuwa asuba.